Hoton Teku

Litinin, 6 ga Mayu
'Yata Zuhuratu ta dawo makaranta da wata magana. Jarrabawar baka ta Faransanci ta matso, malaminsu ya tafi ƙaro karatu, wai ƙawayenta suna zuwa lesin a unguwar Tishigu wajen wani tsoho. Na ce wane tsoho? "Mishe Mamudu, Mma." Sai da na ajiye ludayi. Ashe yana raye. Na ce ba za ta taka ƙofar gidansa ba. Ta yi kuka. Ta daɗe ba ta yi ba.

Laraba, 8 ga Mayu
Babanta wai in yi haƙuri, abu ya wuce. Shi da sauƙi, ba bayansa aka zane ba. Mishe Mamudun nan shi ya koya mana Faransanci a sakandare kamar mai yi wa akuya ɗure. Shifta kowace safiya, kowane kuskure da bulalarsa. Wanda ya yi Hausa ko Dagbanci a aji, a rataya masa katantanwa a wuya har sai ya kama wani. Ni da Awawu, aminiyata, mun yi gaba a kan wannan ƙazamar katantanwa.

Asabar, 11 ga Mayu
Bulalar ma na yafe. Hoton ne ban yafe ba.
A zamaninmu mai jarrabawa daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, yake zuwa, ya ɗaga hoto, ka faɗi abin da ka gani. Mishe ya rantse hoton kasuwa ake kawowa kullum. Shekara guda muna haddace kasuwa: ga mai tumatir, ga mahauci, ga jaki. Ya ce ko me aka nuna maku, ku karanto haddarku, kada wanda ya yi min ƙirƙira. Ranar jarrabawa, mutumin ya ɗaga hoton teku da jiragen masu su. Ni 'yar unguwar Sabonjida, nan arewa, ina na taɓa ganin teku? Na dubi ruwan, na buɗe baki na ce ga mai tumatir, ga mahauci. Har jakin sai da na kawo. Mutumin ya rufe baki da hankici yana dariya. Ni ce ta ɗaya a aji. Malanta nake so. Na faɗi, Baba ya ce karatu ya isa haka, na koma rumfar atamfa.

Talata, 14 ga Mayu
Zuhuratu ta kawo sakamakon gwaji. Rubutu lafiya lau, baka kuwa sifili. Wai da an tambaye ta sai harshenta ya ƙage. Ban ci abinci ba.

Juma'a, 17 ga Mayu
Munafuka! Ta ce za ta gidan Awawu kitso, ta dawo da kanta yadda ya tafi. Ashe Tishigu ta je. Gobe zan je in ci mutuncin tsohon nan a gaban ɗalibansa.

Asabar, 18 ga Mayu
Na je a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ina ta shirya zagi a hanya. Ya tsufa, ido ɗaya ya yi fari. Babu bulala, babu allo. Ya zaunar da wata mai albasa 'yar Burkina, yara suna hira da ita da Faransanci, suna kwafsawa, ana dariya har da shi. Zuhuratu tana zuba kamar ba ita ba. Wannan ya fi ƙona min rai. Ashe ya san hanya! Ina take lokacinmu?
Ya gane muryata. "Rabi'atu, ke ne? Zo ki zauna." Na ce ban zo zama ba, Mishe, teku na zo tambaya. Ya ce, "Ni ma lokacin ban taɓa ganin shi ba." Wannan amsa ce? Na ja hannun 'yata muka fito.

Talata, 21 ga Mayu
Ta tafi Tishigu. Ban ce ta je ba. Ina dai jera kaya ban ɗago kai ba.
Da ta dawo ta miƙo min hoto, wai tsohon ya ce ta gwada da ni. Teku ne, da jirage. Raini! Na ce ta ajiye can.
Bayan la'asar na ɗauka don in share teburin. Ta ce, "Mma, me kika gani?" da Faransanci. Na ce ruwa. Na ce jirgi. Na ce mutum yana jan taru, sai kalmar taru ta ɓace min, ita ta ba ni. Babu wanda ya yi dariya.
Gobe ma za mu yi. Don jarrabawarta ne kawai.