Akuyar Da Ta Kasa Hawa Tsani

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina, kuma na kasa faɗa wa kowa don na san dariya za a yi mini.

Ni mai gyaran firji ne. Idan na rufe shago nakan zauna a teburin falo da tsohuwar kwamfutata ina koyon haɗa wasan kwamfuta, don sha'awa kawai. 'Yata ta fari tana ƙaramar firamare ta zana wata akuya mai kunne ɗaya ja, ta ce in sa ta gudu a cikin kwamfuta. Na yi mata alkawari. Muka tsara akuyar za ta tsinke daga turke, ta tsallake kwata, ta hau tsani zuwa rufin gida ta cinye wankin da aka shanya.

A manhajar haɗa wasa ta farko da na gwada, akuya ta yi gudu, ta yi tsalle. Da muka zo tsani sai ta ƙi. Ko ta ratsa shi kamar aljana, ko ta maƙale a tsakiya tana karkarwa. Ina cikin haka na ga bidiyon wani yana yabon wata manhajar, wai ta fi sauƙi. Na koma can, na fara daga farko. Anti, yanzu ni kaina ban san ta nawa nake kai ba. Wata ta yi wa kwamfutar nauyi har fankarta na kuka, wata yaren rubutunta ya juya mini kai, wata kuma ban ma tuna laifinta ba. Turken da kwatar ko ido rufe zan gina su. Rufin kuwa ban taɓa ganinsa ba.

Matata ta ce akuyar nan ta fi 'yan haya yawan ƙaura. Da ina dariya. Amma yarinyar da takan jingina da kafaɗata tana tambaya ko akuyar ta hau, ta daina tambaya. Bayan hutun nan za ta tafi makarantar kwana. Shekaranjiya na ce ta zana mini rufin, ta ce in bar shi kawai, ai ba za a kai can ba. A hankali ta faɗa, ba da rashin kunya ba, shi ya fi ci mini rai. Ga shi an fito da wata sabuwar manhaja, har na sauke ta. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Baban Mai Zane

AMSA

Wa alaikumus salam, Baban Mai Zane. Ban yi maka dariya ba, amma maganar matarka ta kusa sa ni.

Sauya manhaja ba laifi ba ne. Wadda ta fi ƙarfin kwamfutarka, ka yi daidai da ka bar ta. Sai dai ka duba inda kake sauyawa kullum: a gindin tsani. Kai da kanka ba za ka sayi sabon akwatin kayan aiki duk lokacin da firji ya ƙi sanyi ba, zama kake yi ka nemo inda ya lalace.

Ka goge sabuwar da ka sauke, yau. Ka koma wadda kwamfutarka take ɗauka kuma akuyar take gudu a ciki, kada ka sake taɓa turke ko kwata. Ka shiga dandalin masu amfani da ita a intanet ka nuna musu matsalar, ba kai ne farkon wanda tsani ya ba wahala ba. Idan mako ya wuce bai gyaru ba, cire shi gaba ɗaya ka jera akwatuna, tunda akuyar ta iya tsalle. 'Yarka rufin take son gani, ba ruwanta da yadda aka hau.

Ba zan yi maka alkawarin ɗokinta zai dawo kamar da ba, yara suna girma. Kai ma kada ka ƙara yi mata alkawari. Ka zana rufin da hannunka, komai muninsa, ranar da akuya ta hau ka tura wa 'yarka kwamfutar ka yi shiru. Idan ta ce rufin bai yi kyau ba, ka miƙa mata fensir.

Allah ya sa akuyarku ta cinye wankin nan kafin a ɗaure akwatin makaranta.