Idon Baffanki Ba Ya Cikin Lissafin

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata abar alfaharina. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki, Ya kuma sanya albarka a kwas ɗin da kamfaninku ya tura ki. Mu nan kalau muke. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a kan shan shayi, wanda alama ce ta samun lafiya. Ni ne dai kwana biyar ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Ko darasin safe na buɗe, sai in tarar ina maimaita layi guda.

Kin tuna kin sa na tattara miki rasit na shekara goma na tsohon injin maɗaba'armu. Kika bayyana mini cewa abin da ake koya muku shi ne kada a dubi kuɗin sayen inji kaɗai, a bi shi tun daga ranar da aka kafa shi har ranar da za a sayar da ƙarfensa: wutar da yake ci, kayan gyara, da kwanakin da yake kwance ba aiki. Kika auna shi da sabon da dillali ya kawo, kika ce tsohon ya fi araha, zai iya ƙara shekara bakwai. Na yi murna, har na yi wa dillalin dariya. Lissafinki daidai ne, 'yata. Abin da na ba ki ne bai cika ba.

Ranar Talata bayan azahar na shiga ɗakin injin ban yi gyaran murya ba. Na tarar da Baffanki durƙushe yana lalube a ƙasa da tafin hannu. Noti ne ya faɗi, yana gabansa, ni daga bakin ƙofa ina hango shi. Da ya ji motsina sai ya ce ai sujadar godiya yake yi, injin ya tashi lafiya. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Da la'asar na tafi gidansa, matarsa ta faɗa mini abin da ya hana ta faɗa shekara guda: yanar ido ce ta rufe masa ido ɗaya, ta kama ɗayan. Likita ya ce a yi aiki, ya huta wata biyu nesa da ƙura da mai. Ya ƙi, domin babu wanda ya san injin sai shi. Ta nuna mini teburinsa a bayan ɗaki, cike da zarto da guntayen ƙarfe. Ashe kayan gyaran injin an daina ƙera su tun tuni. Shi yake goge su da hannu, da ƙiyasin yatsa, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Abin da ba a biya ba kuwa ba shi da rasit.

To kin ga inda arahar ta fito. Na shekara talatin ina karantar da mutane haƙƙin ma'aikaci, alhali ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zuba ganinsa a cikin injina, ni kuma ina yabon ƙarkon ƙarfe. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu. Ina neman gafarar Allah.

Na yi masa maganar hutu, ya ɓata rai. Ya ce shi ba abin tausayi ba ne, kuma ai 'yar boko da kanta ta ce injinsa ya fi sabo. Takardar lissafinki ma tana aljihunsa, yana nuna wa abokansa. Hujjar da kika ba ni ta zama tasa. Ga littattafan makaranta da muka yi alkawari kafin a koma hutu, ga dillali ya ce ƙarshen wata zai sayar wa wani da sabon injin.

Saboda haka ina roƙonki ki sake lissafin cikin makon nan. Ki sa ladan makaniki kamar bare muka ɗauka, ki sa kuɗin ƙera kowane ƙarfe a waje, ki sa wata biyun da injin zai kwanta. Ki tambayi malamanku yadda ake rubuta injin da rayuwarsa ta rataya a kan mutum ɗaya. Maganarki kaɗai zai karɓa ba tare da jin an wulaƙanta shi ba. Amma kada ki karkata alƙalami don ki faranta mini. In tsohon ya sake yin nasara, ki faɗa mini gaskiya. Zan sayi sabon duk da haka, in sha fushin Baffanki da kaina, ba zan yi masa ƙarya da sunanki ba.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Gwaggonki ta ce a tambaye ki ko kina cin abinci. Ki gaida maigidanki da surukarki. Baffanki ma ya ce a gaishe ki. Bai san mabuɗin ɗakin injin yana aljihuna tun jiya ba, yana can yana nemansa. Ki hanzarta.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.