Butar Kaka da Ta Ƙi Yin Fito

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki, Ya sanya albarka a sabon aikinki. Mu nan lafiya lau. Babanki ya samu sauƙin ciwon bayan nan, ƙanwarki ta gama koyon ɗinki har ta fara karɓar aiki, ni kuwa ina nan ina fama da ɗalibaina, jarrabawa ta ƙarato.

Maganar butar shayin da kika aiko wa Kaka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yawancinmu mun ɗauka kayan kicin iri biyu ne, mai kyau na ajiya, mummuna na aiki. Ni ma haka na ɗauka. Da aka buɗe kwalin muka ga butar nan shuɗiya tana sheƙi, da mariƙin katako a lanƙwashe kamar wuyan agwagwa, sai babanki ya ce wannan ba ta wuta ba ce. Ya saka ta a kabad ɗin gilashi, kusa da farantan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba.

Akwai abin da muka ɓoye miki don kada hankalinki ya tashi. Wata biyu da suka wuce Kaka ta ɗora tsohuwar butarta a kan gas, ta shiga ɗaki ninkin kaya, ta manta. Ruwa ya ƙone ƙaf, mariƙin roba ya narke, hayaƙi ya cika gida. Tun ranar babanki ya hana ta kunna wuta. Ba ta yi musu ba, amma ta rage magana. Matar da ta raini 'ya'ya tara, ga ta zaune da kofi a hannu tana jiran wanda zai tafasa mata ruwa. Ta taɓa ce mini an mayar da ita baƙuwa a gidan ɗanta.

Da na karanta 'yar takardar da ke cikin kwalin, na ga ashe kowane kyau na butar nan da dalilinsa. Gindinta mai faɗi ne don wuta ta kama shi duka. Mariƙin ya lanƙwasa ne don ya kauce wa tururi, katako kuma ba ya ɗaukar zafi. Ɗan murfin da ke hancinta usur ne, in ruwa ya tafasa ita za ta kira mai ita. Na roƙi Yaya, wato babanki, ya bari a gwada, in ta kira Kaka ya janye dokarsa. Ya yarda, amma ya ce sau ɗaya tak.

Ran Asabar da safe Kaka ta zuba ruwa, ta kunna wuta, ta koma falo, mu muna tsaye a ƙofar kicin. Ruwa ya tafasa, buta ko uffan. Sai tofar da ruwa take ta hanci, har ta kusa kashe wutar. Yaya ya rufe gas, ya ce dama kyan ɗan maciji ne. Kaka ta ce ashe har butar ƙawarta, ke ke nan, ta bi bayan ɗanta.

Ni mai koyar da kimiyya abin ya tsaya mini a rai. Na ɗaga butar na ji ta da nauyi, na buɗe murfi, sai ga ruwa har baki. Hannun Kaka har yau awon gidan mutum goma sha ɗaya yake yi. Fiton kuwa tururi ne ke yin sa in ya bi ta ɗan ramin usur, to ina zai bi, ruwa ya toshe hanci? A ciki akwai layin da ba a wucewa. Na nuna wa Kaka ta ce idonta ba ya ganin sa, sai muka auna da kofinta mai fure, kofi huɗu daidai. Yaya ya tuna mana sau ɗaya ya ce. Kaka ta dube shi ta ce lokacin da yake koyon tafiya ba sau ɗaya ta ba shi dama ba. Ya yi dariya ya matsa gefe, Kaka ta sake kunna wuta ta koma falo.

'Yata, da butar nan ta saki fito, har maƙwabcinmu mai aski sai da ya leƙo. Kaka ta fito da ƙafarta, ta kashe wuta, ta tsiyaya ko ɗigo bai zuba ba. Kofin farko babanki ta miƙa wa, ya karɓa da hannu biyu.

Ƙanwarki ta tona miki asiri, wai guda biyu kika saya, taki tana kan kanta da busassun furanni a ciki. Sauko da ita, ki wanke, ki zuba ruwa ƙasa da layin, ki ɗora. Gani ya kori ji.

Ki gaida maigidanki da surukarki. Babanki, ƙanwarki da Kawu direba suna gaishe ki. Kaka ta ce in gaya wa ƙawarta, duk ranar da za ki zo ki taho da kofinki, ita za ta dafa.

Taki har kullum,
Gwaggonki Malama