Littafin Roƙon Addu'a

Zuwa ga Autarmu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da maigidanki, da aikin asibiti.

Auta, yaƙi ya same mu. Gida bakwai sun daina zuwa sujada a cocinmu cikin wata huɗu, benci uku na baya babu kowa. Har kafinta da matarsa, mutumin da ya ƙera bagadinmu da hannunsa. Na san aikin Magabci Shaiɗan in na gan shi, shekara goma sha tara ina shugabancin ƙungiyar addu'a. Wata sabuwar majami'a aka buɗe a tsallaken titi, mai manyan lasifika, kuma ba na shakka ta nan ya ɓullo mana.

Mu ma ba mu zauna ba. Mu goma sha biyu mun ɗauki azumin kwana ashirin da ɗaya. Kullum da azahar nakan rufe shagon ɗinki, in zagaya ginin coci ina addu'a. Masu kaya suna ta mita, su yi ta yi. Ki sa mu a addu'a.

Yayarki.

*

Yaya ta kaina,

Na gaishe ki, na gaida gwiwar nan taki da kike zagaya gini da ita, likita kuwa ya ce ki huta.

Zan faɗa miki wani abu, ki zauna kafin ki karanta. Kafinta ba ya zuwa majami'ar tsallaken titi. Asibitinmu yake zuwa karɓar magani, tafiyar awa biyu a mota, don kada a gan shi a naku. Matarsa ta gane ni a layi, ta riƙe ni tana kuka, ita ce kuma ta ce in rubuto miki.

Kin tuna ta same ki bayan sujada, ta ce mijinta na da tarin fuka, ki tuna da su a addu'a? Ta ce kin rubuta a littafinki, kin karanta wa sauran matan ƙungiya da sunansa. Kowacce ta je gida ta faɗa wa wata don a taya addu'a. Lahadin da ta biyo baya ya miƙa hannu a gaisa, mutum uku suka yi kamar ba su gani ba. Aka janye yara daga bencinsu. Masu ba shi aiki suka ɗauke ƙafa, alhali ya daɗe da fara shan magani, ba ya sa wa kowa.

Sauran gidaje shida fa, Yaya? Ki buɗe littafin ki duba. Ina ƙaunarki, shi ya sa ban ɓoye ba.

Autarki, mai shirin shan faɗa.

*

Auta,

Gaisuwa. Kwana tara ban amsa ba, don fushi na yi. Na rubuta miki wasiƙa biyu masu zafi, na yage. Na ce wannan yarinya da na goya ita ce za ta koya mini addu'a?

Sai na buɗe littafin. Mai gyaran rediyo yana ciki, da shan giyarsa. Malamar makaranta tana ciki, da ɗanta da ke kurkuku. Gida shida cikin bakwai na same su da rubutun hannuna, da kwanan wata, kowanne bai yi wata biyu ba ya daina zuwa. Na zauna a kan keken ɗinki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Ina ta gadin ƙofar waje, ashe ta bakina ake shigowa.

Na je wurin Fasto. Ya ce a gyara a hankali, ba sai an tona ba, kada mutuncina ya zube. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, a gaban mutane na zubar da nasu, a gaban mutane zan tsaya.”

Lahadi na tashi bayan wa'azi. Ban ambaci sunan kowa ba sai nawa. Na ce amanar da aka ba ni na raba ta da sunan addu'a, na roƙi gafara, na ajiye shugabanci. Littafin kuma na ƙone shi a bayan shago. Mata huɗu a ƙungiya ba sa gaishe ni yanzu, sun ce na shafa musu kashin kaji. Abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Kada ki ɗauka na ajiye makami. Azahar ɗin da nake zagaya gini, yanzu gidajen nan nake bi ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun buɗe mini. Gidan kafinta sau biyar ina zuwa, ina jin ƙarar zarto a ciki, ba a amsa sallama. Gobe ma zan koma, jibi ma haka.

Na gode miki, ko da yake bakinki ya yi kaifi.

Yayarki.

*

Zuwa ga Mama mai ɗinki,

Bayan gaisuwa. Mun ji abin da kika yi a coci. Duk zuwan da kike yi muna ciki.

Maigidana ya ce shi bai shirya dawowa ba tukuna, ban kuma matsa masa ba. Amma ni akwai wata damuwa da nake ɗauke da ita, ta fi ta tarin nauyi, ban faɗa wa kowa ba. Ina bukatar wanda zai durƙusa tare da ni. Ki zo ranar Laraba da azahar, ke kaɗai. Zan bar ƙofa a buɗe.

Ki huta lafiya.

Matar kafinta.