Kunun Jego Ba Kanwa

Makarfi, Jihar Kaduna.

Zuwa ga Yayata Ummuhani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Yaya Yahuza da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa ku gama da Fatakwal lafiya ku dawo mana. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana fama da gwiwarta, amma ba biki ko suna da zai wuce ta a Janfalan. Baba ya gama girbin masara, hankalinsa ya koma kan tumatirin rani. Ɗanki kuwa, da aka sa masa sunan Baba muke kiransa Abba, ya shiga wata na biyar, ya yi kumatu har wuyansa ya ɓace. Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Yaya, ke fa ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana, ni kuma wannan labarin so nake ki ji shi daga farko har ƙarshe.

Kin san yadda na fara sana'ar garin kunu shekara biyu da suka wuce, da injin niƙa ɗaya da na liƙe leda a shagon bayan gidanmu, har muka kai mata bakwai muna aiki. Muna yin na gyaɗa, muna yin na tsamiya, amma gaskiyar magana kunun kanwa na masu jego shi ne ke riƙe da mu. Mace ta haihu, ba surfe ba daka, a yage leda a dama. Daga Kudan, daga Ikara, har shagunan Zariya ake aikowa. Kaina ya yi girma a kansa, ba zan ɓoye miki ba. Da na koma gida wankan jego, kwali guda na ɗauko na dire gaban Gwaggo Rahmatu, tunda ita ce mai yi mini wanka kamar yadda ta yi miki, na ce mata yau mai kaya za ta sha kayanta. Gwaggo ta ɗanɗana ta ce kanwar ta yi kaɗan, ta riƙa ƙara tata a kai. Safe da yamma kwano cike, ga ruwan wanka mai tururi da ganyen darbejiya, ni kuma waya a kunne ina ba Fatsuma umarni, wadda na bar wa shagon.

Wajen kwana ashirin sai ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Na yi shiru, don na san in na faɗa za a ƙwace wayar. Sai numfashi ya fara yi mini wuya, in na kwanta kamar an ɗora mini buhu a ƙirji. Ranar da asirina ya tonu, daga ɗaki zuwa bakin rijiya sau biyu na tsaya ina haki, Inna tana kallona. Kafin azahar maigidana ya zo da mota, sai Zariya. Likitar da ta duba ni, wata 'yar siririya mai faɗa, ta ce jinina ya hau ƙwarai, zuciyata ta gaji, ruwa ya taru a jikina. Ta tambayi abin da nake ci da sha. Da na ambaci kunun kanwa sai ta ajiye biro. Ta ce kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma ba ni ce ta farko da aka kawo mata daga ɗakin jego a haka ba. Ta ce ba kowace mace take kayarwa ba, amma ba mai iya sanin wadda za ta kayar sai bayan ta faɗi. Sai ta tambaye ni a ina muke samun kunun. Wayyo, Yaya! Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce mata ni nake yin sa, sunana ne a jikin ledar.

Kwana tara na yi a asibiti, Abba yana gefena Inna na riƙe da shi. A kan gadon nan na yanke shawara ba zan sake sayar da ko leda ɗaya mai kanwa ba. Maigidan ya ce in yi a hankali, a rubuta gargaɗi a jikin leda ya isa. Na ce masa matan da ke dama kunun nan rabinsu ba karatu suke yi ba. Fatsuma ta zo dubiya ta ce mini kai tsaye, in aka cire na jego to a rufe shagon kawai, domin na gyaɗa da na tsamiya ba za su riƙe mata bakwai ba. Na san gaskiya ta faɗa. Duk da haka na sa ta bi shaguna ta kwaso abin da ya rage. Ke ma in akwai sauran wanda na aiko miki don maƙwabciyarki, don Allah ki zubar, kada ki ji asara. Cikin mako biyu injin ya yi shiru, mata huɗu suka koma gida. Na yi kuka, Yaya, kukan da ban yi a naƙuda ba.

Abin da ya fi damuna shi ne Gwaggo. Tun da aka sallamo ni ta daina yi mini magana. Za ta kawo ruwan wanka mai ɗumi kamar yadda likita ta ce, ta ajiye, ta fita. Na ɗauka fushi take don an ce al'adarta ce ta kwantar da ni, tunda na ji ta tana faɗa wa Inna cewa shekara talatin tana yi wa mata wanka, yau 'yar asibiti za ta koya mata jego. Ni kuma likita ta hana ni aiki, ta hana ni tsayuwa, Inna ta kulle wayata a cikin kwalla sai bayan la'asar take ba ni na rabin awa. Da farko kamar in yi hauka. Daga baya na gane tun da na buɗe shagon ban taɓa yin barcin rana ba sai a lokacin. Na fara cin abinci a zaune, na fara kallon yaron nan da kyau, har na gano yana da ɗan tabo a bayan kunne irin na Baba.

A rabin awar nan tawa nake gwada sabon haɗi. Ina faɗa, Fatsuma tana niƙawa tana aikowa a motar Ikara: gero, gyaɗa, citta, kanumfari, kimba, dabino. Sau shida ana damawa Inna tana yamutsa fuska. Ba launi, ba ƙamshin nan da mai jego ke jira, sai ka ce ruwan wanke tukunya. A na bakwai Gwaggo tana wucewa ta ɗauki ludayi ba wanda ya miƙa mata, ta kurɓa, ta tofar. Ta ce mu yaran zamani ba abin da muka iya sai latsa waya, wa ya ce mana ana niƙa gero ɗanye in ana son ƙamshi. Ta hura wuta, ta soya geron sama-sama a kasko har ya yi ja, ta daka da kanta, ta dama. Yaya, da na sha sai da na lumshe ido. Ina cikin yi mata godiya sai kawai ta fashe da kuka. Ashe ba fushi take ba. Ta ce tun ranar da aka sa ni a mota take ganin hannunta yana ƙara kanwa a kwanona, ta ce da na mutu da wane ido za ta kalli Inna. Muka rungume juna muka yi ta yi, Abba ma ya taya mu.

To, kunu ya yi daɗi, amma kasuwa ta ƙi. Masu shago suka ce duk wadda ta ɗauki leda ta ji ba kanwa sai ta mayar. A nan na gane abin da shekara biyu ban gane ba: ba mai jego ke zaɓen kunun da za ta sha ba, tsohuwar da ke yi mata wanka ce. Ni kuwa wace tsohuwa za ta saurare ni, yarinya mai haihuwa ɗaya? Na riga na fara tunanin sayar da injin. Ban faɗa wa kowa ba, amma Gwaggo ta karanta a fuskata. Ranar sunan jikar ƙawarta a Dandamisa ta ɗaura leda goma a ɗankwali ta tafi. Fatsuma tana wurin, ita ta ba ni labari. Ta ce ana tsakiyar rabon tuwo Gwaggo ta miƙe a gaban tsofaffin, ta ce duk sun san ta, ba wadda ta kai ta yawan jego a cikinsu, kuma ita da hannunta ta kusa kashe 'yar ɗan'uwanta da kanwa. Ta faɗi kumburin, ta faɗi hakin, ba ta rage komai ba. Wata ta ce iyayenmu ai da shi suka yi jego. Gwaggo ta ce ta ƙirga mata matan da aka ce iska ta taɓa su a ɗakin jego suka kumbura suka tafi. Sannan ta sa aka dama, aka zagaya da ludayi.

Yaya, tun daga ranar Gwaggo ba ta zauna ba. Duk inda aka yi suna daga Saulawa zuwa Kudan tana can da ledojinta, ta hana a ba ta ko kuɗin mota. Tsofaffin da suka fi kowa musu su ne yanzu ke aiko 'ya'yansu shago. Ungozomomin asibitin garinmu sun ce in kawo su riƙa nuna wa masu awo. Makon jiya matan nan huɗu suka dawo aiki, muka ƙara biyu, ɗaya aikinta suyar gero kawai. Ni kuma kwana uku nake zuwa a mako, da Abba a baya, azahar na yi in tashi ko da aiki bai ƙare ba, sauran Fatsuma ta iya. Ina shan maganina, likita ta ce zuciyar tana komawa daidai. Ranar da aka sake tayar da injin na tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙararsa, na rangaɗa guɗa ni kaɗai har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Na ce musu ba kowa, mu ne muka tashi, kuma duk macen da ta sha kununa yanzu zan iya kallon idonta.

Ki gaishe mini da Yaya Yahuza da kyau, da Samira da Shamsuddeen, ki ce wa Lubna ƙaninta yana jiran ta zo ta goya shi. Inna da Baba suna gaishe ku. Gwaggo ta ce in faɗa miki kin yi mata rowar kira. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa har kullum,
Khairat