Hannuwanki da na shafe

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ladabi. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, ko da kina raye ma sai an karanta miki. Amma akwai abin da dole in faɗa.

Gida lafiya. An ba ƙasa mulkin kai, kowa na neman hoton katin shaida. Tun daga Gaffati da Zermu ake zuwa rumfata a Zango, wani ya zauna gaban akwatin hoto a sandare kamar za a yi masa allura. Jikarki Falmata ta shiga lakwal, makarantar boko.

Inna, na ɗauki fuskar rabin Damagaram, ba ni da taki. Sau nawa na roƙe ki? Kunyar ɗan fari ta hana ki zama gabana ki dube ni ido da ido. Na yi ta cewa akwai gobe, ashe babu.

Sau ɗaya kika yarda, ran da Falmata, tana wata shida, ta ƙi zama don kuka. Kika lulluɓe kanki da baƙin zane har ƙasa, kika ɗora ta a cinya, nan take ta yi shiru. Da na wanke hoton, ba abin da ya fito naki sai hannuwa biyu riƙe da cikinta, da lalle da zoben azurfarki. Ni kuwa, gwanin banza, Baturen da ya koya mini aiki ya ce hoto mai kyau ba ya nuna mai riƙo. Na sa tawada na shafe su daga asalin hoton, har ina jin daɗin iyawata. Kin gani, ba ki ce komai ba. Ya yi miki zafi?

Yanzu in na rufe ido, fuskarki ba ta zuwa duka. Ina jin tsoro, Inna.

Shekaranjiya Falmata ta ɗauko hoton, ta tambaye ni a kan me take zaune. Na ce mata kujera ce. Wallahi haka na ce, don na kasa faɗa mata abin da na yi. Yau in ta taso daga lakwal zan gaya mata gaskiya, ko da za ta raina ni.

Ki yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinki.

Ɗanki,
Kiyari mai hoto