Ladar Haushi

Zuwa ga Innata, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma irin na ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Habu, autanki. Na san wannan ba za ta iso ki ba. Amma tun da kika tafi ban sami wanda zai saurari labarina har ƙarshe bai katse ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta a waya. Duk wanda ya gani, ya sa ki a addu'a.

Inna, ina Sakkwato. Bayan an yi sadakar arba'in ɗinki, Kawu Sale ya sako ni a motar hatsin da yake ja, ya kawo ni gidan maigidansa, wani Alhaji mai sayar da hatsi, a unguwar da ake ce wa Gawon Nama. Na zaci dakon buhu zan yi. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wanga ba ya ɗaukar buhu, buhu ka ɗaukar shi." Aka yi ta dariya. Sai ya ce a ba ni sharar tsakar gida da kula da kare.

Kare fa, Inna. Ni da ko kusa da na maharban garinmu ba kya bari in je.

Sunansa Duna. Baƙi ne wuluk, ya fi bunsurun Malam maƙwabcinmu girma. Na same shi ɗaure da sarƙa a bayan ɗakin janareta, ƙarƙashin kwano, cikin zafin garin nan da ko takalmin roba sai ya yi laushi. Mai gadin gidan, Baba Ummaru, shi ke kula da shi kafin in zo. Barkono yake barbaɗa masa a abinci wai don ya yi zafin rai, kuma ba ya bari ya ga mutane da rana. In ya yi gurnani, ya sauke masa gora. Ranar farko ya ce mini, "Bakano, kare ba ya jin Hausa. Sanda shika ji."

Kafin zuwana da kwana kaɗan, Duna ya kuɓuce ya ciji Malam Garba, mai turo wa gidan ruwa a kura. A ƙwauri ya kama shi, sai da aka yi ta kai shi asibiti ana yi masa allurai. Alhaji ya ce in ya sake taɓa wani, za a kira masu yawo da keji a bayan babur su tafi da shi. Na tambayi Baba Ummaru ina suke kai karnukan. Sai ya nuna bakinsa da yatsa, wai cinye su ake yi.

Kin ga ke nan in Duna ya tafi, nawa aikin ma ya tafi. Sai in koma gida in zauna a ƙofar ɗakin da ba kya ciki.

Yanzu bari in gaya miki wautar da na yi, don da hannunki a ciki. Kin tuna in jikokinki suka ɓare baki, sai ki kwance bakin zane ki ciro ƙuli-ƙuli ki tura musu? Kina cewa, "Bakin da ke tauna ba ya kuka." To, ni ma haka na yi wa Duna. Na riƙa tara ƙashi da guntun nama daga kwanukan gida. Da wani ya shigo ya taso masa da haushi, sai in jefa. Nan take ya yi shiru. Wallahi har wani daɗi nake ji, ina cewa a raina ni ɗan ƙauye na gano abin da mutanen birni suka kasa.

Ashe ƙara lalata shi nake yi. A da, baƙi maza kaɗai yake wa haushi. Sai ya koma yi wa ƙawayen Hajiya, ya koma yi wa yaran gidan in sun dawo daga Islamiyya, har akuyar maƙwabta. Ya yi ta zabura yana jan sarƙa, sannan ya juyo ya kalli hannuna. Ni kuwa in ƙara jefawa.

Wata ranar Juma'a Alhaji ya biyo ta bayan gida zai duba janareta, ya sha babbar riga zai tafi masallaci. Duna ya yi tsalle ɗaya ya cafki gefen rigar, ya yage ta har gwiwa. Bai sami fata ba, Allah ya tsare. Alhaji ya tsaya yana kallon rigar, ya ce, "Ummaru, gobe ka kira mutanen nan."

Allah da ikonsa, da la'asar ɗin nan 'yar ƙanwar Alhaji ta zo gaida su. Dakta Asma'u ake ce mata, likitar dabbobi ce. Ban taɓa sanin mace na yin wannan aikin ba. Ta ji abin da ya faru, ta roƙi kawunta ya ba ta wata biyu. Ya ce ya ba ta, amma ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba.

Ta zo bayan gida ta tsaya daga nesa, ta ce in yi yadda na saba. Duna ya taso mata, na jefa ƙashi, ya yi shiru. Na juyo ina jira ta yaba mini. Sai ta riƙe haɓa ta ce, "Habu, ai kai kaka biyan shi ladar haushi. Ya yi aiki, ka biya. Gobe mi zai hana shi ƙara ƙwazo?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ban gaya mata a wurinki na koya ba, Inna. Na rufa miki asiri.

Ta ce ba bayarwar ce laifi ba, lokacin ne. Abin da duk ka ba kare lada a kansa, shi zai maimaita. Don haka a daina biyan haushi, a koma biyan shiru. Ta kuma ce Duna ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Wanda ya wuni cikin zafi, cikinsa na ƙuna da barkono, kuma duk mai zuwa kusa da shi da sanda yake zuwa, me zai yi in ba cizo ba?

Ran nan aka daina barkono. Aka mayar da shi gindin darbejiya, aka aje masa ruwa a babban kwano, ta yi masa allurar rigakafin haukan kare. Ta ce Baba Ummaru ya riƙa barin gorarsa a ɗakin gadi. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Ta koya mini in sayo huhun saniya wurin mahauta, in dafa ba gishiri ba yaji, in yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa in shanya. Ta ce in zaɓi kalma ɗaya da zan riƙa faɗa daidai lokacin da ya yi abin kirki, sannan huhu ya biyo baya nan take. Na zaɓi "yauwa", don ita ta fi zama a bakina. Ya zauna, yauwa, huhu. Ya kalle ni, yauwa, huhu. Har takunkumin da ake sa masa a baki, ba da ƙarfi muka sa ba. Huhu nake sawa a ciki, shi da kansa yake tura hancinsa.

Na san abin da za ki tambaya: salla fa? Ni ma abin ya dame ni, har na je na sami limamin masallacin unguwa. Ya ce karen gadi ba laifi a aje shi, kuma ciyar da mai rai lada ne. In ware masa kwanonsa, in wanke hannuna da kyau. Na ƙara da nawa: rigata biyu yanzu, ta kare daban, ta salla daban. Ki kwantar da hankalinki.

Babban aikin shi ne Malam Garba mai ruwa, don shi Duna ya fi tsana, da shi da ƙarar kurarsa. Dakta ta roƙe shi ya riƙa tsayawa can bakin ƙofa kowace safiya, nesa yadda Duna zai gan shi amma ba zai zabura ba. Ya ce, "Dakta, ƙwauri biyu gare ni, guda ya riga ya tahi." Da ƙyar ya yarda, sai da ya ga sarƙa da takunkumi da idonsa.

Haka muka yi ta yi. Duna ya hango shi bai yi haushi ba, yauwa, huhu. Bayan kwana biyu ko uku Malam Garba ya matso taku ɗaya. Baba Ummaru na zaune a benci yana kallo yana cewa, "Ku Kanawa, ko kare sai kun yi ciniki da shi."

A sati na biyar na yi gaggawa. Na ga kwanaki na tafiya, na ce wa Malam Garba ya taho har tsakiyar gida. Duna ya sandare, gashin bayansa ya miƙe, ya fara wani gurnani daga can cikin ƙirji. Inna, hannuna har ya kai kan tsintsiya. Sai na tuna Dakta ta ce gurnani magana ce, cewa yake yi "na ji tsoro, ku ja baya". In ka doke shi a kan gurnani, gobe ba zai yi gargaɗi ba, cizo kawai za ka ji. Na saki tsintsiyar, na ce Malam Garba ya koma bakin ƙofa. Aikin kwana goma ya zube, muka sake ɗaukowa daga baya. Ranar ko fura ban iya sha ba.

Amma akwai daɗi a ciki. Kullum bayan sallar asuba, kafin rana ta fara duka, nakan sa masa takunkumi mu zaga unguwa. Masu shayi sun san mu. Yara na kirana Habu na Duna. Wata safiya muna hutawa ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata ya lumshe ido. Na zauna ban motsa ba har ƙafar ta mutu. Tun rasuwarki ba abin da ya jingina da ni haka.

Ranar da wata biyu suka cika, Alhaji bai fita kasuwa da wuri ba. Ya sa aka kawo masa kujera tsakar gida. Dakta ta zo, Hajiya na leƙe ta taga. Na riƙe Duna da igiya, aljihuna cike da huhu.

Malam Garba ya turo kura ya shigo. Duna ya ɗaga kunne, ya kalle shi, ya juyo ya kalle ni. Yauwa. Malam Garba ya wuce mu, ya fara juye ruwa a randa. Yauwa. Har na fara sakin numfashi, sai jarka ɗaya ta suɓuce masa ta faɗi, tim! Ruwa ya fantsamo har ƙafafunmu.

Duna ya miƙe zumbur ya yi haushi ɗaya mai ƙarfi. Igiya ta miƙe a hannuna. Ban ja ba, ban jefa komai ba, na dai kira sunansa a hankali. Ya tsaya jikinsa na rawa, yana kallon Malam Garba. Ni ina ta salati a zuci. Can sai ya juyo, ya zauna a kan ƙafata cikin ruwan nan. Na ce yauwa, na juye masa duk abin da ke aljihuna.

Malam Garba, da ya riga ya haye kan kurarsa, ya ce, "Ikon Allah! Ni da anka ciza ko huhu guda ba a ba ni ba." Har Baba Ummaru sai da ya dara.

Alhaji ya dubi Duna, ya dubi Malam Garba. Sannan ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce, "Ummaru, in masu keji sun zaka, ka ce musu gidan ga ba mu da karen sayarwa." Ya dube ni ya ce, "Kai kau, Bakano, a ƙara maka tuwo. Karen ya fi ka ƙiba."

Ba zan yi miki ƙarya in ce Duna ya zama ɗan rago ba. Har yanzu in za a yi baƙi da yawa sai na kai shi baya na sa masa takunkumi, kuma ba na barin yara su je wurinsa in ba na nan. Dakta ta ce haka za mu ci gaba, wataƙila har tsufansa. Na ce na yarda. Ba inda za ni.

Ina ci, ina sha, ina salla a kan lokaci. Ina da wurin kwana, ina da aikin da na iya, kuma akwai mai jirana kowace safiya. Da kina nan da na zo na durƙusa na gaya miki da bakina, ki yi dariyar nan taki har ki share hawaye da gefen mayafi.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya yalwata kabarinki, ya sanyaya shi, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Tausayin da kika yi wa duk mai rai da ya raɓe ki, Allah ya yi miki wanda ya fi shi. Ya sada mu da alheri. Amin.

Ka huta lafiya ake ce wa mai rai. Ke kuwa, ki kwanta cikin aminci.

Autanki mai kewarki,
Habu,
daga Gawon Nama, Sakkwato.